Tambayi Kawu: Yarona Yace Sai Ya Kai Ragonsa Gasa Irin Ta Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonni sun zo kamar an haɗa baki, kusan rabinsu akan yara ne da kiwo, to masu tambayar rikicin haya da masu maganar fasfo kuyi min haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kaimu. Kamar kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni uwa ce a Aboabo nan Kumasi, muna da 'yar gona ta wajen Ejura inda maigidan ke noman masara da doya, yaran duk hutu can suke tafiya. Yarona na biyu shekararsa 13 yana JHS 1, ajin farko na ƙaramar sakandare. Ƙanwata dake Kolombus a Ohayo ta turo mana bidiyo ta WhatsApp na 'yar maƙwabciyarta, wata 'yar baturiya tana riƙe da tunkiya a cikin fili mutane na tafi ana ba ta wani ƙyalle, shikenan tun ranar yaron nan ya hana mu sakat wai shima sai yayi kiwon rago ya kai gasa, har kuɗin abincin makaranta ya fara tarawa a gwangwanin Milo, ni kuma ban ma gane kan abin ba. Wai menene wannan abin nasu? Akwai irinsa a Gana? Kuma in barshi ne ko in kwaɓe shi, don wallahi karatunsa nake ji.
Wata uwa, Aboabo

AMSA: Hajiya sannu da ɗawainiya, ki gaida min ɗan naki. Yaron da zai hana cikinsa waakye don ya sayi rago ai ba na kwaɓewa bane.

Abin da kuka gani a bidiyon bikin baje kolin gunduma ne, su kaunti feya suke ce masa. Jihohin Amurka a yanke suke gunduma gunduma, Ohayo kaɗai tana da 88, kuma sau ɗaya a shekara lokacin zafinsu ko farkon kaka ake ware kamar sati guda manoma su fito da abin da suka noma da abin da suka kiwata, ga lilo ga ciye ciye ga kiɗa, kamar dai kasuwa ce ta haɗu da hawan Sallah. Kuma kinsan abin dariya? Tumaki biyu ne asalinsa. A 1807 wani mutum mai suna Elkanah Watson ya ɗaure tumakinsa guda biyu a gindin bishiya a dandalin garin Pittsfield dake jihar Massachusetts, jama'a suka yi cincirindo suna kallo, sai mutumin yaga to in biyu sun tara wannan taron ina ga an kawo da yawa, zuwa 1811 abin ya zama biki na sosai. Ke kuma ragunan da ake ɗaurewa a bakin titin Aboabo satin Sallah sun fi ɗari babu mai ba su ko ƙyalle.

Ita yarinyar ba haka kawai ta shigo fili ba, ƙungiya take ciki. Akwai wadda ake kira 4-H, alamarta ganye mai kunne huɗu, kalmomi huɗu ne da a Turanci duk da harafin H suke farawa, kai da zuciya da hannu da lafiya. Tushenta a Ohayon nan da ƙanwarki take yake, wani malamin makaranta A. B. Graham ya fara tara yara a 1902 yana koya musu gwada ƙasa da shuka masara. Yara daga wajen shekara 8 zuwa 18 suke ciki. Akwai kuma FFA, ƙungiyar noma ta 'yan sakandare da aka kafa a 1928.

Yadda suke yi, yaro zai sayi ɗan tunkiya da bazara yana ƙarami, a kai shi a auna a maƙala masa lamba a kunne a rubuta sunan yaron, don kar ranar gasa wani ya sayo ƙosasshe a kasuwa yace nasa ne. Daga nan wata uku ko huɗu shi zai ba shi abinci safe da yamma, shi zai share ɗaki, shi zai fita da shi tattaki. Ranar gasa ɗan tunkiyar yana wajen kilo 50 zuwa 60 da ɗoriya, an aske shi tas an wanke shi. Babu igiya ma a hannun yaron yawanci, ta ƙasan haɓa yake riƙe shi. Alƙali zai zo ya shafa gadon baya ya matsa cinya ya ji kaurin nama da yawan kitse, daidai yadda mahautanmu na Kaase suke yi in suna taya dabba. To amma akwai gasa ta biyu wadda ita tafi burge ni, a ita ba dabbar ake dubawa ba, yaron ake dubawa. Ya iya tsayar da ita? Idonsa na kan alƙali? In aka tambaye shi me kake ba ta, kilo nawa take, yaushe kayi mata maganin tsutsa, zai amsa ko zai waiga yana neman babansa? A nan ake gane wanda yayi kiwo da wanda aka yiwa kiwo.

Abu biyu bidiyon bai nuna muku ba. Na ɗaya littafi. Kowane yaro yana da littafin da yake rubuta duk abin da ya kashe, kuɗin saye, buhun abinci, magani, nauyi wata wata, kuma ana duba shi. Na biyu gwanjo. Ƙarshen sati ana yin gwanjon dabbobin, masu banki da masu shaguna na garin suna saye sama da farashin kasuwa da gangan don su ƙarfafa yaran, kuɗin na yaro ne, wasu su tara na jami'a wasu su sayi na baɗi, ita kuma dabbar mota ke ɗaukarta zuwa mayanka. Yara da yawa kuka suke ranar har da ƙattin samari. Ki gaya masa wannan tun yanzu.

Maganar Gana kuma, gaskiya irin wannan sak inda yaro zai shiga filin gasa da ragonsa alƙali ya shafa, ba al'adarmu bace. Abin da muke da shi Ranar Manoma ce, Juma'ar farko ta Disamba, in shekarar zaɓe ce akan dawo da ita Nuwamba. An fara ta a 1985 a Osino bayan fari da gobarar daji da yunwar 1983, wadda duk wanda ya kai shekaruna ba ya son a tuna masa. Gwarzon manomi na farko adda biyu aka ba shi da takalmin ruwa da rediyo, daga baya kyautar ta kai har gida mai ɗaki uku. Ban da na ƙasa kowace gunduma tana yin nata taron, ana kafa rumfuna ana baje doya da masara da kaji da tumaki, akwai kyautar mai kiwo akwai ta matasa. Sai dai su ba a fili suke yanke hukunci ba, malaman gona ne ke zagawa gonaki tun kafin ranar. Ku Aboabo ƙarƙashin Asokore Mampong kuke, ki kama hannunsa kuje ofishin gona na asambuli ya gabatar da kansa da bakinsa, ko banza zai san malamin gona da likitan dabbobi. Ita ma 4-H ɗin akwai ta a Gana, cibiyarta Koforidua, amma aikinta yafi yawa a lambun makarantu.

Ni kuwa a ganina muna da alƙalin da yafi na Ohayo tsanani, Alhajin da ya fito neman ragon layya da dillali a gefensa. Zai buɗe baki ya duba haƙori, ya ɗaga wutsiya, ya sa a ja shi yaga tafiya, ya kushe shi tas sannan ya taya. In ragon ɗanki ya tsallake wannan ai yaci gasa. Kuma me zai hana makarantar allonku ko matasan masallaci su tara yara goma masu kiwo sati ɗaya kafin Sallah, a kira tsohon mahauci ɗaya da likitan dabbobi suyi alƙalanci, a ba na ɗaya buhun dusa? Ba sai an jira gwamnati ba.

Ki barshi, amma rago ɗaya, ba uku ba. Ya ba ragon abinci kafin ya tafi makaranta da bayan ya dawo, in sakamakon zango ya faɗi a sayar. Ki saya masa littafi mai layi. Sannan wanda yafi duka wuya, kuma ke da maigidan nake nufi ba shi ba, ragon ya zama nasa da gaske. Ki karanta tambaya ta uku kafin ki rufe mujallar.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ni yarinya ce shekarata 14 muna Tafo. Kakata ce ta bani kuɗi na haɗa da nawa na sayi rago irin dogayen nan farare da ake saukewa daga mota, inason ya fi na yayana girma kafin Sallah. Shekaranjiya na ba shi ragowar dokunu da masara da aka jiƙa da yawa don yayi saurin ƙiba, sai cikinsa ya kumbura ya ƙi cin komai yana ta zawo, dama tun da na kawo shi yana ɗan tari. Yanzu ya ɗan warware amma ina tsoro, me zan dinga ba shi? Yayana yana min dariya wai kiwon rago ba na mata bane.
'Yarka, Tafo

AMSA: 'Yata, ki bar yayanki yayi ta dariya, a zango da ƙauye wa ke riƙe da tumaki da awaki in ba iyayenmu mata ba? Kice masa Kawu yace kiwon rago ba na raggo bane dai, a nan maganar ta tsaya.

Amma kin kusa kashe shi, gara in gaya miki. Tumbin rago an yi shi ne don ciyawa, akwai wasu ƙananan halittu a ciki da suke narkar masa da ita, in kika juye masa hatsi da yawa rana ɗaya wanda bai saba ba sai cikin yayi tsami, halittun nan su mutu, shine kumburi da zawon da kika gani, wani ko kwana ba ya yi. Yanzu ki ɗauke masa duk wani hatsi da ragowar tuwo na 'yan kwanaki, busasshiyar ciyawa da harawa kawai da ruwa mai kyau, in ya dawo yana tuƙa kashinsa ya koma 'ya'ya 'ya'ya sai ki fara dusa cikin tafin hannu ɗaya kina ƙarawa kaɗan kaɗan har sati biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙiba ta turka wata uku take ci, in abinci ya yi kyau irin naki zai iya ƙara giram 100 zuwa 150 a rana, kuma wannan ba kaɗan bane in kika lissafa kwana 90.

Abincinsa na kullum mafi yawa ya zama harawar wake ko ta gyaɗa da ciyawa. Sai dusar masara ko ta alkama safe da yamma. Ɓawon rogo da na filanten da masu fufu ke zubarwa abinci ne mai kyau kuma kusan kyauta, amma na rogo sai kin shanya shi ya bushe ƙamas don ɗanyensa yana da guba, kuma duk abin da yayi fumfuna ki zubar kar ki ji asara. Gishiri ko 'yar kanwa ya dinga lasa. Ruwa kuma kar ya yanke ko na awa ɗaya, domin ragon da ake durawa dusa babu isasshen ruwa tsakuwa ke toshe masa mafitsara, in kika ga yana yunƙurin fitsari yana ɗigowa kaɗan kaɗan yana kuka to ki ruga wajen likita a ranar. Sai leda. Ki tsince duk wata baƙar leda da ta ruwan sanyi daga inda yake, je ki tambayi duk wani mahauci abin da yake cirowa daga tumbin tumakin cikin gari, za ki riƙe baki.

Tarin kuma daban ne. Irin ragon da kika saya ɗan sahel ne, su balami da uda, daga can Burkina da Nijar da Mali ake loda su kwana da kwanaki a mota a matse, sun saba da busasshiyar ƙasa sai gashi an sauke su Kumasi inda ruwa ke zuba daga Maris zuwa Yuli ya huta kaɗan ya dawo Satumba. Sanyi da laima ke kama musu ƙirji da kofato. Gajerun tumakin nan namu na kurmi, wanda masana ke kira Jalonke, har tashar kiwonsu gwamnati take da ita a Ejura, ba sa kai su girma, namiji wajen kilo 30 ne, amma sun fi jure ƙasar nan nesa ba kusa ba, shi yasa nake cewa mai koyo ya fara da su ko da ruwa biyu. Tunda kin riga kin saya, ki yi masa rumfa da ba ta yoyo, ki ɗaga ƙasan da katako don kar ya kwana cikin fitsarinsa, ki raba shi da na yayanki tukuna. Ki kira likitan dabbobi ya duba shi, ya ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, in ya warke ki tambayi rigakafin PPR, cutar nan mai majina da gyambon baki da zawo dake share garke, allura ɗaya tana kare shi kamar shekara uku. Kuma ki tambaye shi kwana nawa za a jira bayan magani kafin a ci naman, ki rubuta ranar.

Awo kuma ba sai kin sayi sikeli ba. Ki ari irin na takawa, yayan naki mai dariya ya hau shi kaɗai, ya sake hawa ɗauke da ragon, ki cire. Duk sati biyu. Ai kinga ya samu aikin yi.

TAMBAYA: Kawu, ni magidanci ne a Sawaba. Bara ɗana mai shekara 11 ya yi kiwon ɗan rago da kawunsa ya ba shi, ya kula da shi sosai har wanka yake masa da Omo. Sallah ta zo abubuwa sun min tsauri ban samu na saye ba sai na yanka shi muka yi layya, na ba shi sidi 50 nace ya sayi abin da yake so. Yaron ya ƙi cin naman, ya yi sati baya min magana sai gaisuwa, yanzu nace zan sayo masa wani yace baya so. Ni ina ganin abin ɗana ai nawa ne, kuma ibada aka yi da shi ba caca ba. Ina laifina?
Wani uba, Sawaba

AMSA: Alhaji, na san matsin Sallah, na san kunyar magidanci yaga maƙwabta na fiɗa gidansa shiru, ba zan yi maka dariya ba. Amma ka tambayi laifinka, to akwai.

Yankan da kayi kowa ya san za a yi, duk yaron da ya tashi a zango ya san ƙarshen rago wuƙa ce. Laifin baka tambaye shi ba, kuma baka saya ba. Sidi 50 ɗin ma da baka bayar ba yafi, don ka nuna masa kuɗin wahalarsa ta wata da watanni kenan, duk harawar da ya ɗauko a ka, duk kashin da ya share.

Ina ɗan shekara 10 kakata ta bani kaza, kazar ta yi 'ya'ya na sayar aka cika min na sayi 'yar akuya, irin yadda akeyi a da, kaza ta zama akuya akuya ta zama saniya. Wata rana na dawo daga makarantar allo naga turke babu komai, wani babba a gidanmu ya kai ta kasuwa don wata buƙata tasa, da na tambaya aka ce yaro da akuya. Yau furfura ta cika min kai, mutumin ya daɗe a ƙasa Allah ya jiƙansa na yafe masa, amma har yanzu ina ganin igiyar nan a yashe. Kuma ban ƙara kiwon komai ba sai da na yi aure. Shine abin da ɗanka ke gaya maka da yace baya so, ba zuciya yake yi ba, lissafi yayi, me zai sa ya wahala akan abin da za a ɗauke ranar da aka ga dama.

Su waɗancan na Amurka da na ba Hajiya labari a sama, ba sun fi mu son 'ya'ya bane, kuma nasu ma yankawa akeyi. Bambancin yaron ya san ranar tun farko, shi ke jan dabbar ya shiga wajen gwanjon da ƙafarsa, kuma takardar kuɗin da sunansa take fitowa. Yana kuka yana lissafin ribarsa. Mu kuma sai muce wannan tunkiyar ta wane ce, a baki kawai, ranar suna ko biki ko baƙo ya zo sai a kama ta ba sallama, daga baya mu zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba sa son noma da kiwo sai waya da okada.

Hukuncin ita layyar kuma, ka kai wa malaminka ka faɗa masa komai yadda ya faru har da cewa kyauta ce kawunsa ya ba shi, ni ba mai fatawa bane. Abin da ke hannuna shine gyara. Ka je wajen dillali ka tambayi nawa irin wannan ragon ya kai a Sallar bara. Ka kira yaron ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, kace na ci maka bashi ga adadinsa, ka rubuta a takarda ka ba shi ya riƙe, ka dinga biya ko sidi 20 ne duk sati ta momo ɗin mamansa, wato asusun kuɗinta na waya. Kar ka sake ce masa zaka sayo wani. In ya ga kuɗin sun taru a hannunsa shi da kansa zai zo yace Baba raka ni kasuwa. In ya sake kiwo kuma kana son na layya, ka taya kamar kowa, ya yi maka ragi in ya so, kuma zai yi, har alfahari zai dinga yi cewa ragonsa gidansu suka yi Sallah da shi. Annabi (SAW) da kansa ya yi kiwon tumakin mutanen Makka kuma biyansa ake yi, yana cikin Bukhari. Ladan kiwo ba baƙon abu bane a wajenmu.

GAJERU GAJERU

Wani ɗalibi daga Asawase yana tambaya ko shima ya yanke wa ɗan ragonsa wutsiya ya aske shi kamar yadda ya gani a YouTube. A'a ɗana. Nasu tumakin ulu ne, suna yanke wutsiyar don kashi kar ya manne ƙuda su yi tsutsa, namu gashi ne da su ba ruwansu da aski. Kuma rago mai guntulalliyar wutsiya a mazhabar Malikiyya ba ya layya, ka ga ka kori masu sayenka da hannunka. Wanka da sabulu da rana tsaka, buroshi, ka gyara kofato in ya yi tsawo, ya isa.

Wata Hajiya daga Moshie Zongo tace akwai mai zuwa unguwarsu da jaka yana yin allurar ƙiba. Hajiya ki tambaye shi sunan maganin da takardarsa ta aiki, in ya fara kame kame ki rufe ƙofa. Wasu magungunan ruwa kawai suke tarawa a jiki, kuma mutane ne za su ci naman. Sannan ku gaya wa yara, dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, balle jini na fita ta hanci ko ta baya, ba a taɓawa ba a fiɗewa, likita ake kira. Ku tuna cutar saifa da ta ɓarke a jihar Gabas ta Sama a 2023 dab da Babbar Sallah har aka hana fito da dabbobi daga can.

Wani daga gidan haya a Akwatia Line yace maƙwabta na ƙorafin warin ragon yaronsa da kukansa. Suna da gaskiya. Yaron ya share kullum ya tara takin a buhu, masu lambu suna so. Kuma a ɗaure, dokar asambuli ta hana sakin dabba a titi, in aka kama shi sai kun biya tara, in mota ta riga su kuma shikenan.

Na ƙarshe, wani ɗan shekara 12 daga Sabon Zango yace ragonsa baya bin igiya, in ya ja sai ya turje ya zauna, kuma kwanan nan ya fara tunkuyin ƙanwarsa. Ɗana kar ka ja shi ta wuya kana gaba yana baya, ƙarfi zai gwada maka kuma ya fi ka. Ka yi masa ragama irin ta kai, ka fara ɗaure shi kusa da kai minti goma kana shafa masa wuya da ƙirji har ya saba, sannan ka tsaya a gefen kafaɗarsa, in ya tako ɗaya ka sassauta igiyar, in ya turje ƙanwar taka ta ɗan taɓa shi ta baya, da yamma in rana ta yi sanyi, kullum, sati biyu zaka ga yana binka har bakin masallaci. Tunkuyin kuwa ina kyautata zaton kai ka koya masa, kuna wasan tura goshi da tafin hannu tun yana ƙarami ko? Ka daina daga yau, kar kowa ya ƙara taɓa masa goshi ko ƙaho, kuma ƙanwarka kar ta juya masa baya in tana kusa da turken.